Fuskar Kanta: Daga Alƙalamin Bernatz Zuwa Na'urar Zane



Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto suka shigo wayoyinmu, akwai maganar da ke yawan tasowa a tsakanin matasan Birnin Kebbi da Argungu masu ɗan taɓa kwamfuta: me zai hana mu haɗa wasan gem namu na kanmu a kan Kanta? Da yawanmu a gidan gem muka tashi. Mun ƙarar da kuɗin tara a gaban PlayStation 2 muna buga ƙwallo da Mortal Kombat da God of War, har muka haddace sunayen jaruman Girka tun ba mu san inda Surame take ba. Burin dai tsoho ne, kuma abin da ke kashe shi kullum shi ne zane. Wasa komai ƙanƙantarsa yana cin hotuna ɗaruruwa. Ana son jarumi ta gaba da ta baya da ta gefe, yana tafiya, yana gudu, ya kai sara, ya faɗi. Ana son doki da ganuwa da kwalekwale, har da tukunyar da za a fasa a tsinci lada. Mai zane sai ya yi watanni a kai, kuma ba sadaka zai yi ba. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru shekaru ya kwashe yana zana wasansa Aurion da hannu, ga ɗaukewar wuta, kafin ya fito a 2016. Yau kuwa layi uku za ka rubuta wa na'ura, kafin ka kurɓi shayi ta miƙo maka sarki a kan doki.

To amma fuskar wa za ta miƙo? Amsar tana cikin tarihin waɗanda suka riƙa zana mu tun kafin a san za a yi kwamfuta, shi ya sa muka ga gara mu bi ta can.

Mu fara da abin da ke hannu game da shi Kanta. Littafin Tarikh al-Sudan na Abdurrahman al-Sa'di, malamin Timbuktu na ƙarni na 17, ya kawo cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, a kan hanyar dawowa aka saɓa a kan rabon ganima, wajen 1516, ya ɓalle. Rundunar da aka turo ta ladabtar da shi ba ta ci nasara ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi maganarsa a Infaƙul Maisur. Sauran kuma bakin dattawa ne ya riƙe mana: cewa ya tashi a cikin makiyaya, ƙarfinsa ya shahara a fagen dambe da kokawa, ya gina Surame da Gungu da Leka, ya kara da Barno, kibiya ta same shi a ƙasar Katsina yana kan hanyar gida, a tsakiyar ƙarni na 16. Akwai labarin jirginsa da aka lulluɓe da tagulla yana yawo da shi a fadama. Akwai na Nufawa da suka makara wajen aikin ganuwar Surame, aka ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗanya a madadin ruwa. Duk mai rubuta labari ya ji waɗannan ya san an ba shi jari. Matakin farko na wasan ma ya rubuta kansa, saurayi a fagen dambe.

Sai dai duk wannan jari kalmomi ne. Babu wanda ya zauna gaban Kanta ya zana shi. Kakanninmu sun iya zane ƙwarai, amma hannunsu ya tafi ne ga zayyanar Alƙur'ani da allo, da aska takwas a ƙirjin riga, da dagi a bangon soro, da sassaƙar ƙwarya da aikin dukawa. Surar mai rai kuwa malamai sun yi magana a kanta tun da daɗewa, kuma har gobe akwai masu ƙyamarta a cikinmu, abin da duk mai shirin haɗa wasa ya kamata ya sa a lissafi. Sarki a wurinmu kirari ne ke riƙe da kamanninsa, da tambari. Shi ya sa ranar da aka fara buƙatar hotonmu a takarda, baƙo ne ya riƙe alƙalamin.

A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu. A can ya samu kwafin Tarikh al-Sudan ya zauna yana kwafar abin da ya iya. Daga nan ya biyo ta Birnin Kebbi ya nufi Say da Timbuktu, a lokacin da yaƙi ke ci tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu. Da ya koma gida ya fitar da littafinsa mujalladi 5 a 1857 da 1858, cike da hotuna masu launi. Hoton Kano daga kan Dala da muke gani a bangon littattafan tarihi da shafukan Facebook daga ciki yake. Ga inda abin yake: ba Barth ne ya yi waɗannan hotuna yadda muke ganinsu ba. Shi ɗan zanen gaggawa ya yi a littafin aljihunsa. Wani mai zane a birnin Munich, Johann Martin Bernatz, shi ya karɓi waɗannan 'yan layuka da bayanin baki ya mayar da su cikakkun hotuna. Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Inda ya sani shi ne Masar da Falasɗinu da Habasha, don ya je can. Duk inda zanen Barth ya bar giɓi, ko a tsayuwar mutum ko a naɗin mayafi ko a launin sararin sama, dole da abin da idonsa ya saba gani zai cike.

Ku riƙe wannan, domin aikin da na'urar yau take yi ke nan, ba ragi. An ba ta 'yan kalmomi, ba ta taɓa zuwa ba, sai ta cike giɓi da abin da ta fi gani. Bernatz ma ya fi ta gata, tunda yana da Barth a kusa da zai ce masa a'a, ba haka rawanin yake ba.

Da Turawan mulki suka zo, kyamara ta karɓi aikin. Ita kuma kyamara abin da mai ita ya ga ya burge shi take ɗauka: sarki da dogarai, hawan daba, kasuwa. A Argungu abin da ya burge ta shi ne ruwa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin gabar da ta haura shekara 100, aka shirya masa gagarumin su don girmamawa. Daga nan bikin ya samo siffar da duniya ta sani. A jerin kan sarkin wasiƙa da Najeriya ta fitar a 1973, shekarar da aka koma naira da kwabo, na kwabo 30 hoton bikin Argungu ne. A 2016 UNESCO ta sa shi a jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Bayan hutun shekara 10 ya dawo a watan Maris na 2020, aka kamo kifi mai kilo 78.

Abin alfahari ne, ba musu. Amma ku lura da abin da ya haifar. In ka bincika Argungu a intanet, kusan duk hotunan na sa'a guda ne a shekara: an harba bindiga, dubban mutane sun ruga Matan Fada, wani ya ɗago giwan ruwa yana dariya. Na'ura ta ƙoshi da wannan sa'a. Ka ce ta zana maka bikin, za ta kawo abin da ya yi kama, ko da yake sau da yawa takan ɓata homa ta mayar da ita birgi ko ragar kamun malam-buɗe-littafi, ta mayar da gora tukunya ko kwando. Ka ce ta zana maka Argungu ranar Talatar da ba biki, manomin shinkafa a fadama, ko mata na gyaran kifi, ko zauren Sarkin Ruwa, sai ta fara kame-kame. Surame kuwa, duk da tana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, kuma tana jerin jiran UNESCO tun 2007, hotunanta a intanet ba su taka kara sun karya ba. Ka nemi ganuwarta, a ba ka ginin Maroko ko masallacin Djenne.

Mu marubuta ma muna da namu tarihin da hoto. Littattafan da suka biyo bayan gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki, da Magana Jari Ce da ya zo daga baya, da zane muka karance su, kuma da yawanmu har yau in an ambaci aku da Musa, wancan zanen ne ke faɗo mana. Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC a Zariya sun riƙe masu zane a matsayin ma'aikata. Da adabin kasuwar Kano ya tashi a shekarun 1980 da 1990, masu zanen hannu na cikin gari ne ke yin bango, ana biyansu a kan kowane littafi. Sai CorelDraw ta zo, aka koma yanko hoton 'yan fim na Kano da na Indiya ana mannawa. Masu zanen hannun nan ba wanda ya yi musu sallama, aiki ne kawai ya daina zuwa, wasu suka koma rubuta allon shago da zanen jikin mota. Yanzu ku duba bangon littattafan da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks. Kusan duk yarinya ɗaya ce: fara sol, dogon hanci, fatar da ba ta san hunturu ba, mayafi irin na Dubai. Sunanta a ciki Hindatu 'yar Kamba ko Jummai 'yar Gulma, amma a bango ba ta da dangi a duk faɗin Kabi. Mu muka karɓa muka ce ta yi kyau, don haka laifin ba na na'ura kaɗai ba ne.

Wanda ke ganin hoto ɗaya ba ya iya mallake tarihi, ya dubi Sarauniya Amina. Rufe ido ka kira sunanta: mace a tsaye da takobi, da lulluɓi, da kayan yaƙi. Wannan siffa ba daga Zazzau ta ƙarni na 16 ta fito ba. Masu zanen zamani ne suka ƙago ta, fitacce a cikinsu Erhabor Emokpae, mutumin Benin, a shekarun 1970. Aka yi ta maimaitawa a littattafan makaranta da kalanda har ta zauna daram. Da kamfanonin wasa na waje suka waiwayo mu, ita suka tarar a bakin ƙofa. A watan Agustan 2021 wasan Age of Empires III ya ƙara Hausawa da Habashawa a wani ƙari mai suna The African Royals. Amina ce jagora, Kano ce babban birni, akwai mahaya masu lifidi da maharban Fulani, sojojin suna amsa umarni da Hausa, har da babin yaƙi da aka gina a kan jihadin Shehu. Crusader Kings III na kamfanin Paradox na Suwidin, tun 2020, yana ba ka damar fara wasa a matsayin Daurama ta Daura a shekarar 867. Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 ya sa Amina cikin shugabanninsa. A gida kuma Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya yi wasannin waya da dama, har da wani mai suna Aboki Run, kuma ba sai an fassara mana yadda kalmar aboki take sauka a kunne in ta fito daga Kudu ba.

Gaskiya waɗancan kamfanoni sun yi bincike, ba a raina musu ba. Amma jerin ya nuna mana abu guda: Zazzau, Kano, Daura. Mutumin da ya tsaya wa Songhai ya kuma kara da Barno bai samu fuskar da kowa ya yarda da ita ba tukuna. Kujerar a buɗe take, kuma hoton da ya riga yaɗuwa shi zai hau. Da zarar ya yaɗu, shafukan tarihi za su ɗauka, ɗalibai su sa a aikin makaranta, sannan na'urorin gaba su haɗiye shi a matsayin gaskiya su riƙa maido mana da shi.

Bari mu ɗan buɗe cikin na'urar, don wasu na ɗauka tana da ma'ajiyar hotuna ne tana zaɓo wa mutum. DALL-E ta fara bayyana a Janairun 2021, Midjourney ta buɗe wa jama'a a Yulin 2022, Stable Diffusion ta biyo a Agusta. Ita ta ƙarshen an koyar da ita ne da hotunan da aka ɗebo daga wani rumbu mai suna LAION-5B, mai ɗauke da hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet, kowanne da ɗan rubutun da aka tarar a jikinsa. Wajen koyo, ana ɗaukar hoto a yi ta zuba masa dusa-dusa har ya koma kamar allon talabijin da ba tasha, ita kuma ta koyi yadda ake share dusar a dawo da hoton, tana la'akari da rubutun. In ka ba ta umarni, daga dusa zalla take farawa, ta yi ta sharewa mataki-mataki tana karkata zuwa ga abin da ya saba tafiya da kalmominka. Ke nan abin da ya fi yawa shi ke rinjaye. Kalmar sarkin Afirka ta fi tafiya da fatar damisa da ƙirji a waje. Kalmar sarki Musulmi ta fi tafiya da Balarabe ko Baturke. Kanta yana tsakanin biyun, inda hotuna suka yi ƙaranci, sai ta haɗa maka gambiza. Tsagar Kabawa kuwa, wadda ita ce shaidar farko da kaka za ta duba, ko dai ta share ta gaba ɗaya ko ta mayar da ita fentin yaƙi irin na fim.

A wasa matsalar ta ninka ta bangon littafi. Bango hoto ɗaya ne, in ya yi kyau shi ke nan. Wasa yana son mutum ɗaya sau 50 ba tare da ya canza ba. Na'ura kuma kowane umarni sabuwar haihuwa ce a wurinta: a hoto na farko takobi na rataye a kafaɗa yadda namu suke ratayawa da hamila, a na biyu ya koma ƙugu irin na Turawa, a na uku linzamin doki ya narke cikin yatsun mahayi. Masu sana'ar suna da dabaru. Sukan sa mai zane ya yi jarumin da hannu ta kowace fuska, sannan a ƙara wa na'ura ɗan horo da hotuna 20 ko 30 na wannan siffa, dabarar da ake kira LoRA, don ta riƙe kamannin. Inda ta fi amfani shi ne abin da ba ya motsi: sararin sama, ruwan fadama, fuskar bango, gwajin launi kafin a yanke shawara. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. 'Yan wasan Call of Duty sun yi ta tsiya a ƙarshen 2024 da suka ƙirga yatsu shida a hannun wani dodo da aka sa a allon jira.

Sai maganar haƙƙi, wadda ta shafe mu kai tsaye. A Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke hukunci a kan wani littafin zane mai suna Zarya of the Dawn: rubutun da tsarin jera shafukan na marubuciyar ne, amma hotunan da Midjourney ta fitar ba su da kariya, don ba mutum ne ya zana su ba. A wannan shekarar masu zane uku da kamfanin Getty Images suka kai masu irin waɗannan manhajoji kotu a kan kwashe musu aiki ba izini. Tun Janairun 2024 kasuwar wasanni ta Steam ta wajabta wa mai kawo wasa ya bayyana inda ya yi amfani da AI, masu saye su gani. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, in muka bar wa na'ura fuskar Kanta ɗungurungum, wani zai iya ɗauka gobe ya buga a riga ko ya sa a nasa wasan, mu rasa bakin magana a manyan kasuwannin. Abin da mutum ya rubuta da wanda ya zana da hannunsa su ne ke da mai su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuma tana da sashe a kan kayan al'adun gargajiya, wanda ya kamata mai niyyar sayar da wasa a kan bikin su ya karanta kafin ya yi nisa, bayan ya nemi yardar fada.

Akwai wani wurin da ya fi duk waɗannan zafi, kuma mun fi kowa saninsa. Wasan yaƙi ba ya yiwuwa sai da abokin gaba. In an tsaya a zamanin Kanta da sauƙi, Songhai da Barnon wancan ƙarni sun yi nisa. Amma duk wanda ya fara ba zai tsaya nan ba, domin labarin da ya fi jan hankali yana gaba. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da yaƙi. Karari ya riƙe Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a fadar Sakkwato, ya samu yarda, ya dawo gida, ya ɗaga tuta a 1849. Aka yi Lafiyar Toga, aka koma fagen fama zamanin Sarki Sama'ila har zuwan Turawa. Jikokin ɓangarorin nan biyu su ne mu. Tsakanin fadar Gwandu a Birnin Kebbi da fadar Kabi a Argungu tafiyar ba ta wuce sa'a guda a mota, an yi auratayya, aji ɗaya muka zauna. To ka rubuta wa na'ura kalmar mugu ko maƙiyi ka ga abin da za ta yi: ta ƙara duhun fata, ta murtuke fuska, ta yage tufafi. Ka rubuta jarumi, ta haskaka shi. Ba zato ba ne. A 2023 kafar Bloomberg ta sa Stable Diffusion ta zana hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban, manyan ayyuka suka fito da farar fata, ƙananan ayyuka da masu duhu. A Amurka wannan muhawarar jarida ce. A nan, hoto ɗaya da ya nuna kakan wani a siffar dodo ya isa ya tayar da abin da ziyarar 1934 ta kwantar. Mu a ganinmu, duk wasan da zai taɓa ƙarni na 19 ya ba ɗan wasa damar buga kowane ɓangare, kuma hannun mutum ɗaya mai hankali ya zana fuskokin duka biyun. Malamai da shugabannin jihadi kuwa a bar su a bayan labule, a ji saƙonsu ba a ga surarsu ba. Wasa ba ya raguwa don wannan.

Ina marubuci a duk wannan? A tsakiya yake, ko da bai iya kunna Unity ko Godot ba. Umarnin da ake ba na'ura siffantawa ce, bayanin da ake ba mai zane ma siffantawa ce, kuma ita ce inda rubutunmu na yanzu ya fi rauni. Mun saba da "wani haɗaɗɗen gida" da "kyakkyawa ajin farko". Ka ba na'ura irin wannan, ta ba ka Dubai. Wanda zai rubuta kasuwar Surame sai ya san abin da babu a cikinta. Babu masara, babu rogo, babu tumatir da barkono da gyaɗa da taba, duk daga nahiyar Amurka suka zo daga baya. Babu dogon yaro a bakin hanya, sai zamanin Turawa aka kawo shi. Akwai kuka da giginya da goriba da tsamiya da gawo, akwai gero da dawa da jar shinkafar fadama. Lifidi da sulke da kwalkwali sun halatta, don Tarihin Kano ya nuna sun shigo tun zamanin Sarki Kananeji, fiye da shekara 100 kafin Kanta. Bindiga a hannun dakarunsa kuwa kuskure ne, labarinta ya fi ƙarfi daga zamanin Idris Alooma na Barno da zuwan Marokawa Tondibi a 1591. In za a sa murya, Kanta da Kananci zai ba mutanen Augie dariya, a nemo mai cewa "mi" da "shina" tun daga tsatso.

Kuma ba sai mun fara da yaƙin dawaki dubu ba. Akwai nau'in wasan da labari ne zalla, hoto a sama, rubutu a ƙasa, mai karatu na zaɓar abin da jarumi zai yi. Manhajar Ren'Py da ake yin sa da ita kyauta ce, kuma duk wanda ya iya tsara babi zai iya koyonta. Labarin Nabame a fadar Sakkwato, yaron da ke cin tuwon gidan da ya kashe ubansa, bai buƙatar fiye da ɗakuna biyar da fuskoki takwas. Fuskokin a ba ɗan gari mai zane a biya shi, ko cikin masu zanen allon shago ne, a bar wa na'ura gajimare da ruwa.

Kayan aikin kuma suna kusa. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu shi ne tsohuwar fada har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su a ciki, ga ginin kansa da bakan gizonsa. Masuntan da suka san yadda ake kifa ciki a kan gora a yi iyo, homa ɗaya a kowane hannu, a nutse a haɗa bakinsu a ƙarƙashin ruwa, suna nan da ransu a bakin Matan Fada.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Wanda ke Argungu ya shiga gidan tarihin, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, ya zaɓi abu ɗaya. Na Birnin Kebbi ya nemi tsohon masunci ko maƙeri ko baduku. A kawo mana siffar abin a layi goma, da sunansa na asali da sunan kowane sashe nasa, yadda mai zanen da bai taɓa zuwa Kabi ba zai iya fitar da shi. Kalmar "kyakkyawa" da "haɗaɗɗe" ba sa cikin lissafi. Za mu karɓa har daren Alhamis.